Cukun Ruga da Tumatirin Lambu: Sharhi a Kan Wani Abincin Italiya a Birnin Abuja

 

Yau maganarmu a kan abinci za ta tsaya, kuma abincin da muka ɗauko ƙarami ne ƙwarai, har mai gaggawa ya ce bai isa a ba shi lokacin rediyo ba, domin in kayansa sun samu ba a ɗora masa tukunya, kayan nan kuwa ba su wuce biyar ba, watau ɗanyen cuku, da nunannen tumatir, da ganye mai ƙamshi, da mai, da gishiri. Amma wanda ya yi tadabburi a kan waɗannan abubuwa biyar, ya bi kowannensu har inda ya fito, ya duba hannuwan da ya ratsa kafin ya iso faranti, zai tarar da cewa a cikin ɗan abincin nan akwai labarin makiyayi, da na manomin rani, da na ɗan kasuwa, da na uwargida, har da wata mas'ala ta fiƙihu wadda malamai suka daɗe suna tattaunawa.

Al'adar mutanen Italiya ce, in an zauna cin abinci na sosai, musamman ran biki ko ran da aka yi baƙi, ba a fara kawo babban akushi, sai an gabatar da wani ɗan abu mara nauyi wanda zai motsa sha'awar ci, ya kuma ba masu gida da baƙinsu damar gaisawa a tsanake kafin a shiga taliya da nama. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, wanda tun kaka da kakanni ba ya tarar baƙo da tuwo sai ya fara miƙa masa ruwa, ko fura, ko goro. To, a cikin waɗannan abubuwa na share fage da Italiyawa suka shahara da su, akwai wanda ake kira kaprese, ana jingina shi ga wani ƙaramin tsibiri mai suna Kapri, wanda ke gaban birnin Napoli a lardin Kampaniya, can kudancin ƙasar. Yanka tumatir ake yi, a yanka farin cuku mai laushi, a jera su bi da bi, a sa koren ganye a tsakani, a yayyafa man zaitun, a barbaɗa gishiri. Ja da fari da kore, launukan tutar ƙasarsu ke nan, shi ya sa suke ƙaunarsa ƙauna ta musamman. Cukun da suke sa wa shi ne mozarela, wanda mafi darajarsa da madarar ɓaunar gida ake yi, wadda ake kiwonta a yankunan Kaserta da Salerno. Ana daskarar da madarar, a zuba wa abin da ya daskare ruwan zafi, a yi ta jansa har ya yi danƙo, sa'an nan a gutsuttsura shi da hannu curi-curi, a ajiye cikin ruwansa, a ci tun yana sabo. Saboda martabarsa a wurinsu, a shekarar 1996 Tarayyar Turai ta ba shi kariya ta doka, ta yadda ba mai ikon laƙaba wa cukunsa wannan suna na ɓaunar Kampaniya sai wanda ya yi shi a yankin da aka iyakance, bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa.

Abin lura kuwa shi ne, tumatirin nan da duniya ta san Italiya da shi, asalinsa ba nasu ba ne. Daga Kudancin Amurka ya fito, mutanen ƙasar Meziko suka noma shi tun da daɗewa, sa'an nan jiragen ruwan Sifen suka tsallako da shi Turai a ƙarni na 16. Wani masanin tsirrai na Italiya mai suna Mattiyoli ya siffanta shi a rubuce a shekarar 1544, amma jama'a suka daɗe suna ɗari-ɗari da shi, suna zaton yana da dafi, har sai a shekarar 1692 aka buga a Napoli littafin girki na Antoniyo Latini, wanda a cikinsa aka samu bayanin miyar tumatir. Kusan shekara 150 ke nan baƙon yana tsaye a ƙofar gida kafin a yi masa iso. Da suka karɓe shi kuwa, sai suka haɗa shi da abin da ƙasarsu ke bayarwa, da madarar dabbobinsu, da zaitun na tuddansu, da ganyen bayan ɗakinsu, har ya zama nasu. Wannan ita ce hikimar da nake so mu ɗauka daga gare su, domin ta fi farantin kansa daraja.

Mu dawo gida. Birnin nan namu na Abuja, wanda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar ƙirƙirarsa a watan Fabrairu na 1976, aka kuma dawo da mazaunin gwamnati cikinsa daga Legas ran 12 ga Disamba, 1991, matattara ce ta al'ummu, inda Gbagyi masu ƙasa, da Hausawa, da Fulani, da Yarbawa, da Ibo, da jakadun ƙasashen duniya suke cin kasuwa ɗaya. Italiyawa ma ba yau suka fara zama a cikinmu ba, domin kamfanoninsu ne suka gina madatsar ruwa ta Kainji wadda aka gama a 1968, wani kamfaninsu kuma ya gina ta Gurara, wadda ake janyo ruwanta zuwa madatsar Usuma don shan mutanen birnin nan. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da abincinsu a gidajen cin abinci na Maitama da Wuse da Asokoro, a kuma tarar da mozarela a cikin firjin manyan kantuna, an kawo shi daga nesa, an sa masa kuɗin da ƙaramin ma'aikaci ba zai kusance shi ba. Abin da ke damuna a nan shi ne, 'ya'yanmu suna ganin abincin nan a wayoyinsu, suna sha'awarsa, sai su ɗauka cewa sai mai hali ke cinsa, alhali kuwa ba da nisa sosai da birnin ba, wajen Gwagwalada, inda makiyayar Paikon Kore take, ko wajen Kawu a ƙasar Bwari, ana tatsar madara kowace safiya, wani lokaci har ta lalace don rashin mai saye a kan kari.

Cuku kuwa muna da namu, kuma tsoho ne a ƙasashen nan. Matan Fulani, waɗanda a al'adar ruga madara hakkinsu ce, su ke sarrafa ta su sayar, sun gaji sana'ar yin wani farin cuku mai taushi wanda a kasuwanni da yawa aka fi saninsa da wara, kuma wajibi ne mai saye ya rarrabe shi da awarar waken soya, wadda ita daga wake ake yinta. Yadda suke yi shi ne, a ɗora sabuwar madara a wuta marar ƙarfi har ta yi ɗumi, a daddaka ganyen tumfafiya ko ƙaramin reshenta, a jiƙa a cikin ɗan madara, a tace, a juye a tukunya, a ci gaba da ba ta wuta sannu a hankali. Can sai ka ga farin ya tattaru wuri ɗaya, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya ware gefe, sai a ƙara wuta ya tafasa, a kwashe da ludayi a zuba a 'yan ƙananan kwanduna ya tsane. Wajen lita 5 ta madara ke ba da kilo ɗaya na cuku, kuma in ba a wurin sanyi ba, ko cikin ruwansa aka bar shi ba ya wuce kwana biyu ko uku. A arewacin Jamhuriyar Benin, wajen Parakou, irin wannan cuku ne ake kira wagashi, har sukan rina bayansa da karan dafi ya yi ja. A Jamhuriyar Nijar kuma, wajen Tawa da Abalak, Buzaye da Fulani suna yin cuku falle-falle, su shanya a rana har ya bushe ƙamas, a yi guzuri da shi, a ci da shayi ko a daka a fura. Busasshen nan bai dace da abincin da muke magana ba. Ɗanyen, mai laushi, wanda bai kwana biyu ba, shi ne abin nema. Ban ce ɗanɗanonsa ɗaya da na mozarela ba, domin namu ba shi da danƙo, kuma yakan zo da ɗan ɗaci-ɗaci na tumfafiya, amma a wajen fari, da taushi, da ƙamshin sabuwar madara, da iya shan ruwan tumatir da mai, yana cika gurbin sosai da sosai.

A nan ne mas'alar fiƙihu ta shigo. Cin cuku a kan kansa halal ne, domin ya zo a Sunan na Abu Dawuda cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cuku a Tabuka, ya nemi wuƙa, ya ambaci sunan Allah, ya yanka. Madara kuwa an ambace ta a Suratun Nahli cikin ayoyin da ake son bawa ya yi tunani a kansu, zaitun kuma Allah Ya yi rantsuwa da shi a farkon Suratut Tini. Inda malamai suka yi saɓani shi ne abin da ake daskarar da madarar da shi, wanda fuƙaha'u ke kira infaha, watau wani abu da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi ko ɗan akuya mai shan nono. In dabbar an yanka ta yankan shari'a, babu magana. In kuwa mushe ce, to, mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta ƙasarmu, da ta Imamu Shafi'i, suna ganin infahar najasa ce, alhali Imamu Abu Hanifa yana ganin tsarkinta. Masana'antu da yawa na zamani sun koma amfani da wani sinadari da ba daga dabba yake ba, sai dai mai saye ba kullum yake samun bayani a jikin leda ba. Cukun ruga kuwa, da yake da tsiro ake daskarar da shi, ya kuɓuta daga wannan saɓani baki ɗaya, mai cinsa ba ya cikin shubuha. Wannan falala ce da ya kamata mu sani, mu gode.

Sai dai halal abu ɗaya ne, tsafta kuma sharaɗi ne da ba a sassauta shi, tun ba a abincin da ba za a sake dafawa ba. Ɗanyar madara takan ɗauko cututtuka daga dabba zuwa mutum, daga cikinsu akwai tarin fuka na shanu, da cutar nan mai sa shanu ɓari wadda makiyaya ke kira bakkale, wadda in ta kama mutum sai ya yi ta fama da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Saboda haka in uwargida ta sayo cukun ruga, to, ta tafasa ruwa da gishiri, ta saka shi ciki ya tafasa kamar minti 10, ta tsame ta bar shi ya huce a rufe. Wannan zai kashe ƙwayoyin cuta, ya rage ɗacin, ya sa masa gishiri, ya kuma ƙara masa ƙarfi yadda zai yanku ba tare da ya marmashe ba. Wadda kuma ta fi so ta yi nata a gida, ina ba ta shawara ta bar tumfafiya ga waɗanda suka san gwargwadonta, domin ƙaronta yana da dafi, yana kuma cutar da ido. Lemon tsami ya wadatar. Ta sami madarar shanu lita 2, sabuwa, wadda ba a yi mata haɗi ba, ta tace, ta ɗora a wuta tana juyawa har ta tafasa, ta sauke, ta ɗan dakata kaɗan, sa'an nan ta zuba ruwan lemon tsami cokali 5 ko 6, kaɗan-kaɗan, tana motsawa a hankali har ta ga farin ya rabu da ruwa. Sai ta rufe ta bari kamar minti 10, ta juye a tsabtataccen farin ƙyalle bisa matsami, ta ɗauraye da ɗan ruwan da aka tafasa ya huce don tsamin ya ragu, ta sa gishiri, ta ƙulle ƙyallen, ta ɗora masa abu mai nauyi kamar sa'a ɗaya. Abin da za ta samu zai kai kwatan kilo ko ya ɗan fi, kuma ya isa farantin mutum huɗu ko biyar. Ruwan da ya tsane ma ba abin zubarwa ba ne, ana kwaɓa fulawa da shi, ana kuma zuba shi a miya.

Sai tumatir, wanda shi ne rabin abincin. Mafi yawan wanda muke ci a Abuja daga arewa ake lodo shi, daga filayen noman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam a Jihar Kano, waɗanda ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, da Ɗanja a Jihar Katsina, da kewayen Zariya, da tuddan Jos, a sauke a Dei-Dei, daga nan ya bazu zuwa Wuse da Garki da Utako da Karmo da sauran kasuwanni. Yana da lokacin yalwa, daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara, sa'ad da kwando kan yi araha har manomi ya rasa kuɗin mota. Yana kuma da lokacin ƙunci, daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina, sa'ad da uwargida kan ƙirga shi ɗai-ɗai. Ba mu manta da shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonaki, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Kuma ko a shekarar lafiya, masana sun sha ƙiyasta cewa wajen kashi 40 cikin 100 na abin da aka noma yana lalacewa kafin ya kai tukunya, saboda kwandunan da ake jibgawa wani kan wani, da nisan hanya, da zafin rana, da rashin wurin ajiya mai sanyi. Wannan asara ce ta dukiya da gumi, kuma israfi ne da al'umma za ta amsa tambaya a kansa.

Wanda zai ci tumatir ɗanye, to, sai ya zaɓa da idonsa da hannunsa da hancinsa. A nemi wanda ya nuna ya yi ja ko'ina, mai nauyi a hannu, mai ƙarfi amma ba tauri ba, wanda in an shinshina wajen gindinsa za a ji ƙamshin lambu. Fasasshe, da mai tabo, da wanda ya fara ruwa, waɗanda akan tara gefe a sayar da araha, ba su da wuri a wannan faranti ko kaɗan. Dogon nan mai tsoka da 'yan kasuwa ke kira UTC yana yankuwa da kyau, kewayayyen kuma ya fi ruwa da zaƙi, kowanne aka samu mai kyau ya yi. A wanke shi sarai da ruwa mai tsabta, wanda aka amince da shi har a sha, domin amai da gudawa da zazzaɓin taifot ta irin wannan ƙofa suke shiga gida, a kuma wanke hannu, da wuƙa, da katakon yanka, kada a yi amfani da wanda aka yanka ɗanyen nama a kai. Kada kuma a jefa tumatirin a firji tun da wuri, domin sanyi mai yawa yana kashe masa ƙamshi. A bar shi a inuwa, wuri mai iska, har lokacin yanka.

Ganyen da Italiyawa ke sawa ɗan'uwan ɗoɗɗoyarmu ne, dangi ɗaya suke, ga ta nan tana fitowa a bayan ɗaki da bakin rijiya, iyayenmu mata suna sa ta a miya da farfesu da shayi. Tamu ta fi tasu ƙarfin ƙamshi, saboda haka kaɗan ta isa, kuma a zaɓi ƙananan ganye na saman reshe. Mai kuwa, in man zaitun ya samu, na tatsar farko wanda ba a gurɓata ba, madalla. In bai samu ba, ko kuɗinsa ya yi nauyi, to, man gyaɗa na gida, irin wanda mata ke matsewa wajen yin ƙuli-ƙuli, yana da ƙamshin da ke tafiya da tumatir ƙwarai, haka nan man riɗi, wanda maƙwabtanmu na Jihar Nasarawa suke noma shi da yawa. Abin gudu shi ne tsohon mai da ya fara wari, da wanda aka riga aka yi suya da shi.

Ga yadda ake haɗawa. A ɗauki manyan tumatir 4, a yanka su kewaye-kewaye da wuƙa mai kaifi, kaurin kowane yanki ya kai rabin ɗan yatsa, a shimfiɗa su a faranti, a barbaɗa musu gishiri kaɗan, a bar su kamar minti 10, domin gishirin ya jawo ruwansu ya fito da zaƙinsu. A yanka cuku kwatan kilo daidai kaurin tumatirin, a tsane shi da ƙyalle mai tsabta in yana da ruwa. Sa'an nan a sami faranti mai faɗi, a jera yankin tumatir, a jingina masa yankin cuku, a sake tumatir, a sake cuku, har a zagaye. A tsinka ganyen ɗoɗɗoya da hannu, domin wuƙa tana sa bakinsa ya yi baƙi, a sossoka a tsakani. A kawo mai cokali 2 ko 3 a zagaya da shi a kai, a ƙara ɗan gishiri a kan cukun, wanda yake so kuma ya barbaɗa dakakken masoro. Ruwan da tumatirin ya zubar a farantin farko a juye shi a kai. Iyakarsa ke nan, kuma nan take ake ci. A zafin Abuja na watan Maris da Afrilu bai kamata ya wuce sa'a ɗaya a ajiye ba. A kawo burodi ko gurasa a gefe don dangwalar romon da zai taru a ƙasa, domin mai da ruwan tumatir da na cuku in sun gauraya, a nan daɗin yake.

Mai walima ko suna, wanda baƙinsa suke da yawa, yana iya yanka cukun ƙanana-ƙanana, ya nemi ƙananan tumatir, ya soka su a tsinke bi da bi da ganye, kowa ya ɗauki nasa. Wani kuma ya gasa gurasa ko burodi, ya goga masa tafarnuwa, ya ɗora yankakken tumatir da cuku a kai, wanda shi ma Italiyawa suna da irinsa. A watan azumi kuwa, sa'ad da soye-soye kan cika faifan buɗa-baki har ciki ya yi nauyi kafin a tashi sallar asham, ɗan farantin nan bayan dabino da ruwa rahama ne ga mai azumi. Al'ummar da ta san kwaɗon zogale da na rama, ta kuma saba cin tsire da ɗanyen tumatir da albasa, ba za ta sha wuyar karɓarsa ba.

Jama'a masu sauraro, abincin nan kamar farar riga yake, ba ya ɓoye tabo. Miya takan rufa wa ruɓaɓɓen tumatir asiri da yaji da daddawa, amma a nan kowane abu da fuskarsa yake fitowa, saboda haka ba ya yiwuwa sai kowa ya riƙe amana: makiyayi ya kula da lafiyar dabbarsa, mai tatsa ta wanke hannu da ƙwarya, mai sayarwa kada ta ƙara ruwa ko gari, manomi kada ya fesa magani yau ya tsinka gobe, ɗan kasuwa kada ya ɓoye ruɓaɓɓe a ƙarƙashin mai kyau, mai saye kuma kada ya tauye wa Bafulatana farashi don ya ga ta sha rana tana son komawa ruga kafin magariba. Hukumomi sun sha faɗi cewa ƙasar nan tana kashe fiye da dala biliyan 1 kowace shekara wajen shigo da madara da dangoginta, alhali muna da miliyoyin shanu, Bunaji da Rahaji da Bokolo. Sai dai saniyar da ke yawon neman ciyawa da ruwa, wadda ba ta samun likita a kan lokaci, abin da ake tatsa daga gare ta a yini bai cika wuce lita ɗaya ko biyu ba. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo, kuma a nan Abuja mazauninta yake. Abin da muke fata daga gare ta, da Hukumar Babban Birnin Tarayya, da ƙananan hukumomi shida na yankin nan, abu ne a sarari: ruwa da ciyawa da likitan dabbobi a makiyayu, da wuraren tara madara masu sanyi kusa da rugage, ko da masu aiki da hasken rana ne, da koya wa mata hanyoyin tsafta da awo, da rumfa mai tsabta a kasuwanni inda mai son ɗanyen cuku zai same shi da safe hankalinsa kwance, da kuma akwatunan roba a maimakon kwandon da ke matse tumatir. Italiyawa ba da rana ɗaya suka kai cukunsu inda ya kai ba. Sun tsare ingancinsa, sun yi masa doka, sun kuma ci shi da alfahari a gidajensu kafin duniya ta neme shi.

Mu ma abin da ke hannunmu mu fara da shi. Uwargida, ki nemi mai kawo miki madara ko cuku wadda kika yarda da tsaftarta, ki riƙe ta, ki biya ta hakkinta cikakke, ki gaya wa maƙwabciyarki. Maigida, in ka ga farantin nan a gabanka, ka yi bisimilla, ka yaba wa wadda ta haɗa. Masu gidajen abinci, ku gwada cukun ƙasarku, ku rubuta sunansa a takardar abincinku ba tare da jin kunya ba, domin kowane curi da kuka saya kuɗin makarantar wani yaro ne a ruga, kowane kwando kuma ladan wahalar wani manomi ne a Kadawa. Ƙana'a da abin da Allah Ya hore, tare da kyautata shi iyakar iyawa, ita ce godiyar ni'ima, kuma alkawari ne cewa mai godiya ana ƙara masa.

Allah Ya albarkaci dabbobinmu da gonakinmu, Ya ba mu zaman lafiya tsakanin makiyayi da manomi, Ya ciyar da mu halal mai tsarki, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.